A Mayar wa Mai Maganin Ido Zaurensa

Zuwa ga Mai Girma Maigari, uban garinmu na arewa da Birnin Lalle.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da ban girma, da fatan iyali da dabbobi suna lafiya. Ni ne Abdu ɗan Malam Isa, na dawo daga karatu a Katsina kwana goma sha tara da suka wuce. Na roƙi liman ya karanta takardar nan a ƙofar masallaci, don maganar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Abin da ban gani da idona ba, na tambayi mutum biyu kafin in rubuta.

Na farko. Tun ina yaro, duk shekara in ayarin gishiri ya sauko, Baba Agali mai maganin ido yakan sauka kwana uku a ƙaramin zauren gidanku. Kowa yakan zo, mai ciwo da mai lafiya. Ya juya mutum ya fuskanci haske, ya ɗaga fatar idonsa, sannan ya zuba gero da dawa a faifai ya ce a ware. Tsofaffi suna lalube, suna yi wa juna tsiya, mu muna dariya. A zauren nan ya ga ciwon shawara a idon gwaggona tun ba ta kwanta ba. A nan yake tuge wa mata gashin idon da ya juya ciki. Har yau ina tuna yadda mutane ke fitowa suna ƙifta ido, hankali kwance.

Na biyu. Shekara huɗu ke nan da aka cika zauren da taikunan gyaɗa. Agali ya zo bai sami masauki ba, ya wuce garin Rumbu. Can yake sauka tun daga lokacin.

Na uku, ranka ya daɗe, shi ne ya sa ni rubutu. Shekara ashirin da biyu mahaifina ke duba wa garin nan wata. Bana ya hau tudu bayan magariba, ya duba, ya ce babu. Mata uku a bakin rijiya suna kallon jinjirin watan sarai, amma wa zai ƙaryata Malam Isa? Muka makara da azumi kwana ɗaya, aka rama bayan salla. Ashe shekara biyu ke nan idonsa na hagu ya yi yana, yana ɓoyewa, yana ƙara kwalli. Na gwada na daman da kaina: yana ƙirga yatsuna a taku shida, a na bakwai ba ya gani. Kunya ta hana shi fita ko masallaci.

Ban ce Agali zai warkar da shi ba, waraka ta Allah ce. Amma da ana duba shi duk shekara, da bai hau tudun nan da ido ɗaya ba.

Roƙona: a kwashe zauren kafin ayari ya iso, fatake sun ce saura kamar wata guda. A aika wa Agali manzo. A yi shela kowa ya zo, har mai ganin idonsa lafiya lau.

Mahaifina ya ce ba za a ja shi da sanda zuwa Rumbu ba. Amma ya ce in kai, ranka ya daɗe, ka fara zama gaban Agali, shi ne na biyu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare maka ganinka, Ya yi maka jagora.

Wassalam.
Ɗanka, Abdu.