Ƙafar Kawu Maigandi

Anbariyya, Madina
9 ga Muharram

Zuwa ga Maman Sundus,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Sundus da Inna da duk mutanen gida. Yaya damina a Gusau? Haƙoran Sundus sun daina sa ta zazzaɓi?

Na san za ki yi mamakin wasiƙa alhali ga waya. Wata Hajiya 'yar unguwarku ce za ta koma gida, na ga gara in rubuta, don bayanin da na yi miki ranar Asabar a gurguje ne, kuma na ji hankalinki bai kwanta ba.

Kawunki Maigandi yana samun sauƙi. Ƙashin ƙugunsa ne ya karye, an yi masa aiki a asibitin Abha an sa ƙarfe, shekaranjiya muka dawo da shi ɗakinsa da ke unguwar Ranuna. Yana cin abinci, yana sallah a zaune. Ki gaya wa Inna yayanta bai shiga wani hali ba, ta daina kuka.

Kin san jami'a ta ba mu hutu, zafin Madina kuma ya kai intaha. Walid, ɗan maƙwabcin Kawu, haifaffen nan, shi ya kawo shawarar mu je duwatsun kudu a motarsa. Ni na matsa wa Kawu ya rufe keken ɗinkinsa kwana huɗu ya bi mu. Ya ce rabonsa da shiga daji tun yana saurayi yana hawan dutsen Kwatarkwashi, ga shi shekararsa ashirin da shida a Madina tsakanin shago da Harami.

Bara'atu, ashe a ƙasar nan akwai inda mutum zai nemi bargo da rana tsaka. Dutsen Sauda suke kiransa. Wani itace mai ƙamshi da suke ce wa ar'ar ya lulluɓe shi kaf, gansakuka na reto a rassansa kamar gemun tsoho. Birai sun jeru a bakin hanya suna jiran abin hannun mutane. Kawu ya tsinki ganye ya murza ya shinshina, ya yi ta dariya shi kaɗai. Walid ya ce shi hawan dutse aikin awaki ne, ya zauna gindin mota yana dafa shayi, mu biyu muka kama 'yar siririyar hanya muka hau.

Muna kusa da ƙololuwa hazo ya rufe wurin, ƙafarsa ta zame ya gangara. Wani mai kiwon zuma ne ya taimaka aka fito da shi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ki shafa mini kan Sundus. Ki gaida Inna da kyau.

Naki,
Zakiru

Anbariyya, Madina
27 ga Muharram

Maman Sundus,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fatan kuna lafiya, ruwan da aka ce ya yi ɓarna bai taɓa katangarmu ba.

Saƙon muryar Inna ya iso. Na saurara sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba. Ta yi ta sa mini albarka, wai na tsaya wa yayanta kamar ɗan cikinsa. Ki roƙe ta ta daina faɗin haka a gaban mutane.

Nan ma haka ake yi. Mutanenmu na Ranuna da na Sultana suna ta zuwa dubiya, 'yan Kano da 'yan Damagaram har da 'yan Sudan abokan ɗinkinsa, duk wanda ya gaida Kawu sai ya juyo ya yi mini godiya. Kawu ya gaya musu shi ne ya ratse gefe don ya kama ruwa, ni ina tsaye ina jiransa, sai ƙasa ta zabtare da shi. Walid kuma yana ƙara wa labarin gishiri da Larabcinsa, yadda ya gan ni ina sauka da hawa cikin hazo ina kiran sunan Kawu har muryata ta dishe. Wannan kam an yi. Ranar Talata suka tura ni in ja su sallar La'asar a ɗakin, na ce maƙogwarona ke ciwo.

Kullum da safe nake zuwa. Ni ke ɗaga shi, ni ke kai shi banɗaki, in yi masa alwala. Ba ya hana ni, kuma ba ya kallona. In na gama sai ya ce Allah ya yi albarka, ya juya fuskarsa bango. Kin san Kawu da zance. Tun ranar da ya ɗaura mana aure bai taɓa barina na zauna minti biyar bai tsokane ni ba.

Akwai labarin da ba shi da daɗi. Likita ya ce ko ya miƙe, zaman keken ɗinki na tsawon yini ya ƙare masa. Kafilinsa, mai shagon da yake wa aiki, ya zo ya duba shi da mutunci, amma ya ce iƙamarsa saura wata ɗaya ta ƙare, kuma ba zai iya sabunta takardar zama ga wanda ba ya aiki ba. Mun zagaya wajen mutum uku ko wani zai karɓe shi. Da sun ji shekarunsa sai su ba da haƙuri.

Ke kin fi ni sanin abin da ya zaunar da Kawu a garin nan. Ba dukiya ya tara ba. Burinsa guda ne, ajali ya same shi a Madina a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Duk Juma'a sai ya tsaya a bakin katangarta ya yi sallama.

Kin ce kin ga na rame a hoto. Ba ciwo nake yi ba. Abincin ne ba ya wucewa.

Ki yi mana addu'a, ni na fi buƙata.

Mijinki,
Zakiru

Ranuna, Madina
22 ga Safar

Bara'atu,

Assalamu alaiki. Ina gaishe ki, ina gaida Sundus, ina gaida Inna. Allah ya sa kuna cikin lafiya da rufin asiri.

Jirgin Kawu jibi ne, zai sauka Kano da hantsi. Bizar fita ba dawowa aka buga masa. Na riga na faɗa miki a waya a nemi mota mai faɗi, kada a sa shi gidan baya a takure. Takardun asibiti da magungunansa suna cikin baƙar jaka.

Wasiƙata ta farko akwai ƙarya a cikinta, kuma labarin da Kawu yake ba mutane ba haka aka yi ba.

Mun yi kamar awa biyu muna hawa. Kawu ya fara tsayawa yana dafa itatuwa, daga baya ya zauna a kan wani dutse, leɓunansa sun bushe, zufa na karyo masa cikin wannan sanyin. Ya ce mini, "Malam Zakiru, mu tsaya nan. Ƙafafuna rawa suke yi. Abin da muka gani ya isa." Na ɗaga kai na hango ƙololuwar, ga ta nan kamar in miƙa hannu. Na ce masa minti goma kawai. Ya ce to, kada in daɗe.

Na tafi da jakar a bayana. Ruwanmu yana ciki, da dabinon da yake ci in sukarinsa ya sauka. Na san da ciwonsa, ni ke raka shi karɓar magani. Na tuna da jakar ban yi nisa ba, amma na ce ai yanzu zan dawo.

Da na isa sama gajimare ya rufe komai. Wasu matafiya da na tarar suka ce in ɗan jira, yakan yaye. Na jira. Kusan awa guda na yi a wurin. Da ya yaye sai ga kwari ya buɗe a ƙasa, duwatsu bayan duwatsu, gonaki hawa-hawa a jikin tudu, ƙauyuka kamar an watsa gero a faifai. Na fito da waya na ɗauki bidiyon nan da na turo miki, ina ta dariya ina cewa mun iso. Ni kaɗai na iso. Lokacin da kike kallonsa kina nuna wa Sundus, kawunki yana kwance a ƙarƙashin gangara da karyayyen ƙugu.

Na sauko na tarar da dutsen da na bar shi ba kowa, sai hularsa. Awa uku ya yi a ƙasa kafin mai zuman ya ji nishinsa.

Shekara huɗu ina karatun hadisi a garin Manzon Allah. Haƙƙin abokin tafiya na haddace shi da ruwayoyinsa, har jarrabawa na ci a kai.

Jiya bayan Azahar da baƙi suka watse na durƙusa a gaban gadonsa na faɗi duk wannan, duk da ya fi ni sani. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ai na ji muryarka. Can sama, kana magana kana dariya. Na ɗauka kusa ne, shi ya sa na tashi in same ka in sha ruwa."

Na tambaye shi me ya sa ya rufa mini asiri. Ya ce ba don ni ba ne, 'yar ƙanwarsa ce a ɗakina, ba ya so ta riƙa sunkuyar da kai a gidansu saboda mijinta. Na roƙe shi gafara. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Ƙafar na yafe tun a asibiti. Madinar ce ban gama yafewa ba. Ka ba ni lokaci."

Yau da safe na tura shi a keken marasa lafiya ya yi bankwana da Harami. Muka tsaya a katangar Baƙi'a. Ya yi sallamarsa, ni ina bayansa riƙe da keken, ban iya ɗaga ido ba. Muna dawowa na je na gaya wa Walid gaskiya don ya daina ba da labarina. Ya dube ni kawai.

Yanzu ke ce za ki riƙa ɗaga shi da kwantar da shi, ke da Inna, a kan abin da ni na jawo. Ba zan iya bari ki yi wannan hidima kina mini kallon mutumin kirki ba. Ko za ki gaya wa Inna ko za ki bari, shawara tana hannunki. In kin ga ba za ki ɗauki wayata ba na ɗan lokaci, ba zan ga laifinki ba.

Babu wanda zan ba wasiƙar nan ya kawo miki sai Kawu. A buɗe zan ba shi, kuma zan gaya masa abin da ke ciki. Yana iya yaga ta a hanya, ba zan tambaye shi ba. In har kina karanta wannan layin, to shi ya ga dama ya miƙa miki.

Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki haƙuri da ni.

Zakiru