Makin Fim Ɗin da Ban Kalla Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon zafi, uwar 'ya'yana,

Sau uku na rubuta wannan layi na sama. Sau biyu na soke shi, don ina ganin ya yi wa bakina girma. A karo na uku na bi shi kalma-kalma, ban sami ƙarya a ciki ba, sai na bar shi.

Yau kwana tara rabon da ki kira ni Jan Biro. Kina gaishe ni, kina ajiye mini abinci, kina tambaya ko aiki ya yi sauƙi a maɗaba'a, amma duk da "Maigida" kike yi. Shekara goma sha bakwai ban ji wannan suna a bakinki ba sai in muna da baƙi. Na san dalili, kuma zan jero shi yadda ya faru, don kada ki ce na yi wa labarin kwaskwarima.

Watan jiya na sauko da kwalin fayafayan nan daga saman sif, finafinan jarumai masu tashi sama da ɗaga motoci, da niyyar in sake kallonsu in ware na zubarwa. Kin san halina. Na buɗe littafi, na ja layi, suna a hagu, maki a dama. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. A ɗaya na hango igiyar da ke riƙe da jarumi ta baya. A wani riga ta yage a wajen faɗa, da ya juyo sai ga ta sabuwa fil. Mugu kuwa a kowanne sai ya tsaya ya bayyana shirinsa dalla-dalla, kamar mai karanta rahoton taro, har a zo a kama shi. Abin mamaki, wuraren da nake tsallakewa ina saurayi su ne suka riƙe ni yanzu, kamar inda tsohuwar wani jarumi ke ɗinke masa hannun riga ba ta tambaye shi inda ya yage ba. Wannan sau biyu na maido shi baya.

Ranar Asabar waccan aka zo kan faifan nan mai shuɗin bango, wanda muka kalla a falon yayanki kafin aurenmu, yana zaune tsakaninmu yana ɓare lemo kamar an ɗauke shi gadi. Kina ninke kaya, babbar 'yarmu tana dariya tana cewa, "Baba, wannan kuka kalla har kuka yi aure? Ginin nan fa kwali ne, ga shi yana rawa." Ni kuma, maimakon in kama bakina, na ce uku bisa goma, shi ma albarkacin kiɗan. Sai kika ce, ba tare da kin ɗago kai ba, "To, ai ni ma tsohon fim ce. In ka sake kallona, nawa za ka ba ni?"

Na yi shiru, biro a baki. Ban san tsawon shirun ba, amma ya isa ki kwashe kayan ki fita. Na kashe talabijin, fim bai ƙare ba.

Wallahi ba aibunki nake ƙirgawa ba. A wajen aiki ana ba ni asalin rubutu da kwafin gwaji, in ɗora wannan kusa da wancan, in zagaye inda suka saɓa. Abin da na iya ke nan. Da kika yi tambayar sai kaina ya shiga neman asalin da zan gwada ki da shi, ya rasa. Da me ake gwada hasken safiya? Wa ya taɓa ɗora ƙamshin ƙasa bayan ruwa a kan ma'auni? Amsar tana bakina, amma ina jiran in tabbatar, kamar kullum, har lokacinta ya wuce.

Jiya na nemo littafina na waccan shekarar. Ga abin da na rubuta ranar falon yayanki: "Fim, goma bisa goma. Gini ya danne jarumin, ya mutu. Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na motsi." Na zauna ni kaɗai na ƙarasa fim ɗin don in ga abin da ya ci goma a ciki.

Bai mutu ba. Minti biyu bai yi a ƙarƙashin ginin ba ya ture shi ya fito, kuma bayan nan akwai sauran minti ashirin da huɗu, na duba agogo. Ban taɓa ganinsu ba sai jiya. Tun daga inda kika rufe fuska ban sake duban talabijin ba. Ke nake kallo ta bayan kan yayanki, yatsunki a gefen mayafin, da yadda kika leƙo da ido ɗaya. Shekara goma sha bakwai ina yawo da gawar mutumin da ke da ransa. Da kashi na biyu ya fito har gardama na yi a wajen aiki cewa ƙanensa ne, kama ce kawai. Mai yankan takarda ya ce, "Jan Biro, anya ba wani fim ɗin ka kalla daban ba?" Na yi fushi da shi kwana biyu. Ashe shi ke da gaskiya.

Saboda haka ga amsar tambayarki, a makare. Tun ranar na ba ki maki, sai dai na rubuta shi a layin da ba nasa ba, ni da ake biya don kama irin wannan kuskure. Fim ɗin ba zan yi miki ƙarya ba, yana nan a ukunsa, ko huɗu tunda ƙarshen bai yi laifi ba. Goman taki ce. Fim yana tsufa ne don yana nan yadda aka bar shi, mai kallo ya wuce. Ke ba ki tsaya ba. Na ga wannan fuska a ɗakin haihuwa sau uku, na gan ta ranar da aka rage mu a tsohon wurin aikina na dawo da rana tsaka, kika matsar mini da kujera ba ki tambaye ni komai ba. Kullum akwai sauran mintunan da ban gani ba.

Ba zan yi alkawarin zama wani mutum daban ba. Wataƙila gobe ma in gyara miki rubutu a takardar cefane, hannun ya saba. Abin da zan iya shi ne in daina sa ki jira a kan abin da na riga na sani. Ina roƙonki Asabar da yamma mu kalle shi tare har ƙarshe, ba littafi. Kuma ki warware mini abu ɗaya da ya dame ni tun jiya: a bayan mayafin nan, kuka kike yi, ko kuwa tun a lokacin kin gane ginin kwali ne?

Za ki sami wasiƙar nan cikin kwalin faifan mai shuɗin bango, a jakarki ta aiki. Na sa jan biron a ciki. Ki zagaye duk inda na yi kuskure, ki ba ni makin da kika ga dama, zan karɓa. Sunana kawai nake so a maido mini.

Naki jiya da yau, kuma naki a duk abin da ya rage,
wanda har yanzu bai iya kallon talabijin ba in kina ɗakin,

Jan Biro