Tukunyar Baba a Cikin Gilashi

Zuwa ga ƙanena Obed,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da kai da Hannah da yara a can Fatakwal. Ubangiji ya sauƙaƙa ciwon ƙafar nan, ko da yake a bakin mutane na ji, ba kai ka aiko ba. Mu nan Kontagora lafiya lau, dawa ta yi kyau bana. Eunice matar ɗana ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Abin da ya sa na neme ka bayan shekara talatin, Marta jikata ce ta yi abin da ban taɓa zato ba. Kwalejinsu ta shirya mako guda na nuna tarihi da al'adun mutanen Caina, har da malamai daga can. Ta matsa mini sai na je jin jawabinta, wai in ya yi kyau za a kai ta Caina karatu. Na sa babbar rigata na je. Na tarar da hotunan sojojin yumɓu jere reras, wai da su aka binne wani sarkinsu. Ina cikin kallo sai na waiwaya, na ga tukunya a akwatin gilashi, da ɗan mutum na yumɓu zaune a kanta, kunnensa na hagu a gutsure. Obed, tukunyar kabarin Baba ce, wadda Inna ta gina da hannunta. Ga mutane na ɗaukarta hoto kamar amarya.

Na ɗaga sandata zan fasa gilashin, Marta ta riƙe ni. Na tambaye ta uban wa ya ba ta izini. Ta ce ta je ƙauyenmu bayan Rijau ne neman abin kwatanta namu da nasu, ta iske tukunyar a kife cikin ciyawa, shanu sun bi ta kan kabarin, da ƙyar wata tsohuwa ta nuna mata wurin. Na ce ko a bakin kura ta gan ta, ba a raba mamaci da tukunyarsa, kuma maganar Caina ta mutu, ba zan sa yatsana a takardar izinin tafiyarta ba.

Muna cikin haka sai ga malamarsu, wata dattijuwa 'yar Caina, Hausa a bakinta kamar a Tegina aka haife ta. Da ta ji tukunyar ta kabarin ubana ce, sai ta tsaya gabanta ta sunkuya sau uku. Ta ce su ma suna da rana a shekara da kowa ke komawa gida ya share kabarin iyayensa, ko daga ina yake. Sannan ta dube ni ta ce, "Baba, ku a wane wata kuke share naku?"

Me zan ce mata? In ce tun ranar da muka yi faɗa kan gonar fadama, ka ce in riƙe gonar da kabarin duka ka tafi, na rantse ba zan sake taka wurin ba sai ka zo ka ba ni haƙuri? Har yanzu kai ne da laifi, kada ka ɗauka na manta. Amma baƙuwa ta sunkuya wa Baba, mu 'ya'yansa mun bar shi ga shanu.

Yanzu tukunyar tana ɗakina, nannaɗe da zane. Ka san al'ada, duk 'ya'yan mamaci ne ke ɗora ta, kuma mu biyu muka rage. Na faɗa wa Marta ranar da tukunyar ta koma kan kabarin zan dangwala mata yatsa. Ƙarshen wata za su rufe karɓar takardu, yarinyar ko abinci ba ta ci. Haƙurin na yafe maka shi. Ka zo kawai, fartanya biyu na sa aka wasa.

Ka gaida Hannah, da Godspower da matarsa, da Charity.

Ni ne yayanka,
Shadrach