Shanya a Ƙarƙashin Lilo

Zuwa ga Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya kewar gida? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gummi lafiya lau.

Yaya, raina a ɓace yake. Na yi wa ɗalibaina alkawari, duk wanda ya iya karanta shafi guda zan kai shi lambun shaƙatawa ya hau lilo. Sun dage har suka iya. Ranar Asabar muka isa, kowa da wankakkun kaya, sai muka tarar an shanya shinkafa a daɓen simintin gaba ɗaya, an ɗaure lilon sama da igiya.

Na tsare mai gadi da faɗa a gaban yara: “Baba, nan masussuka ce? Wane marar tausayi ya yi wannan?”

Ya bari na gama, sannan ya ce, “Malama, ai ta Innarku ta. Ta ce nan kaɗai awaki ba su shiga.”

Da na tunkari Inna, cewa ta yi buhu shida suka rage.

Don Allah ka kira ta, maganarka take ji. Asabar mai zuwa na sake yi wa yaran alkawari. A sa ni a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarka,
Hauwa'u