Buhunan Yuriya a Gonar Hatta

Alhamis, bayan isha'i

Na dawo daga gonar Hatta raina a ɓace. Gwajin ƙasa ya nuna filin ciyawar da muke dannewa a rami don shanu ya gaza a fosfet da fotash, shi ya sa na ce a kawo takin kamfa da supa. Yau sai na tarar da yuriya zalla. Manaja Kabiru har da murmushi: "Khalas, shi ke nan, Hajiya, taki ai taki ne."

Ƙarya yake, ya sani sarai. Yuriya tana sa kore da wuri, mai gona kuwa zai kawo baƙi Asabar ta sama. In ciyawa ta yi tsawo ba ƙwari ta kwanta kafin yanka, ni za a kora.

Na kulle ɗakin ajiyar na taho da makullin. In Kabiru yana so, ya karɓa a gaban mai gona.