Taba Kara Biyu da Ka Bar Mini Ajiya

Kebbe,
14 ga Maris, 1980.

Zuwa ga ƙanena Dawuda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Madina da yara, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na ruwa a wajen aikinka na bakin jirgi a Ikko. Mu nan sai godiya. Gwaggo Na'inna na nan da ciwon gwiwarta, baki kuwa lafiya lau. Ɗiyata Fadima ta tare a Sanyinna bayan Sallah, saboda haka tun rasuwar uwarta Zahara'u yanzu ne gidan ya zama nawa ni kaɗai, sai gwaggo a ɗakin baya. Magana ma nakan manta yadda ake fara ta, sai na yi wa akuya faɗa.

Dalilin takardar nan shi ne ajiyarka. Ka tuna taba kara biyu masu kauri, naɗin hannu, da wani baturen jirgi ya ba ka, ka aiko Jumare direba da su, ka ce kada in taɓa sai ka zo Babbar Sallah mu sha tare a gindin tsamiyar Baba? To Layya uku ke nan. Kowace jajibiri nakan hau keke har tashar Tambuwal in zauna ina duban masu saukowa daga motocin kudu, har masu shayi sun daina tambayata wa nake jira. Ban karya alkawari ba. Da na ga rani zai fasa musu baya, sai na naɗe su a tsumma na sa a ƙaramin tulu kusa da randa, yadda Baba ke yi wa ganyensa ya sha sanyi. Amma ajiya ta daɗe sai ta sami mai ita: makon jiya na tarar ƙwaro ya huda guda, huda bakwai.

Tun da ta riga ta lalace, sai na cire zoben takardar nan mai ruwan zinariya na warware ta, don ka san manomin taba da bin diddigi. Dawuda, wanda ya yi wannan aiki ya san ganye. Na waje siriri ne sumul mai maiƙo, an zare masa jijiya, an naɗa shi a karkace kamar rawani, an rufe kan da ɗan guntun ganye da ƙaro marar wari. Ƙarƙashinsa akwai wani mai ƙwari da ya ɗaure cikin. Cikin kuma ba gari ba ne irin na sigarin kanti, dogayen ganyaye ne iri uku aka lanƙwasa, baƙi da ja da fatsi-fatsi, aka bar wa iska hanya a tsakaninsu. Na daɗe ina juya su a hannu ina tunanin mutumin, ko shi ma yana da ƙane a wata uwa duniya.

Abin da ƙwaro ya rage na zuba a tsohon lofen Baba na kunna. Da farko ɗaci, sai ya sake ya koma gasasshiyar gyaɗa, can ƙasa da ɗan zaƙi irin na garin ɗorawa, ya ƙare da yajin masoro a maƙogwaro. Ƙamshin kuwa na jemammiyar fata ne da ƙasar da ta sha ruwan farko. Gwaggo ta dogaro sandarta ta fito tana shinshina, ta ce wanga ƙamshin rumbun babanku na, ta tambaya ko ka iso ne. Na ce mata a'a. Ta koma ɗaki, ni kuwa wallahi sai da na share hawaye. Taba mai daɗi haka, ba wanda zan juya in ce wa ka ji?

Irin tabar Baba ban bar shi ya ɓace ba, kunya uku nake nomawa a fadama, ko da yake mata sun fi damuwa da furen. Na zaɓi ganye mafi kyau na kwaikwayi naɗin can. Sau tara ina ɓatawa, ta goma ce Jumare zai miƙa maka tare da takardar nan. Ta karkace kamar ƙafar gwaggo, kada ka nuna wa baturenka ya yi mana dariya.

Guda ta rage a tulu, lafiyayya. Na san ganye, ba za ta kai wata bazara ba, kuma ba zan kunna ta ba sai da kai. Ba na cewa ka bar aikinka, kowa ya bar gida da dalilinsa. Amma zumunta a ƙafa take. Ranar da ka sami sarari, ka kunna tawa ka zauna kai kaɗai, kada ka kira kowa, ka sha ta har ƙarshe. Yadda ka ji, to haka nake cin tuwo kullum.

Ka gaishe da Madina, da Hassan, da takwarar Inna, Ummulkulsum, wadda har yau ban ga fuskarta ba. Gwaggo na gaishe ka, Fadima da mijinta Bube ma sun ce in sa sunansu. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne yayanka mai jiran motar kudu,
Namadi.