Na Hau Tsaninki, Rakiya

Amrigebe, Njamena.

Zuwa ga Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, na san wannan takarda babu mai kai miki ita, kuma ba za ki taɓa karanta ta ba. Na sani sarai. Amma yanzu ni mutum ne mai lokaci, kuma akwai maganar da ta cika mini ciki, wadda in na kai ta wurin abokan shayi dariya za su yi mini. Ke ma dariyar za ki yi, sai dai taki na saba da ita.

Labari na farko, na yi ritaya. E, ni ɗin nan. Na ajiye hatimin da nake buga wa nama a mayankar Farsha da sauran shekara shida lokacina ya cika. Na ce wa mutanen biro, wato ofishinmu, gwiwa ce ta hana ni tsayuwa, kuma gwiwar tana ciwo, ban yi ƙarya ba. Amma ba ita ta fitar da ni ba. Kin tuna lokacin da aka ce mai son tafiya da wuri yana iya tafiya, kika ce in karɓa mu huta, mu yi shirin Makka tun muna da ƙafa? Na ce miki sai baɗi. Baɗi ta zo, na sake cewa baɗi. Abin da ban faɗa miki ba shi ne tsoro nake ji. Ban san ko ni wane ne ba in an cire mini farar riga da takalmin roba. Ranar da zazzaɓin nan ya tafi da ke ina can ina jujjuya huhun bijimi, sai ɗan kilando mai babur ɗin haya aka tura ya ɗauko ni. Na ƙara shekara guda ina zuwa aikin da ƙyar, sannan na rubuta takarda.

Watannin farko ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Ina dawowa daga sallar asuba in sa kaya in tsaya a tsakar gida, babu inda za ni. Garba, abokina na makaranta, ya ja ni majalisarsu ta shayi da dara, kullum cinye ni suke yi. Ya kai ni bakin kogin Shari kamun kifi, na wuni riƙe da fatsa na dawo da ciwon kai. 'Yarmu Hadiza tana zuwa daga unguwar Mursal da kwanon abinci, ta zauna tana kallona kamar marar lafiya. Yayanta kuwa ya fi ta damuwa, shi gani yake zaman banza zai kashe ni.

Amma akwai abin da babu wanda ya gaya mini zan tarar. Rakiya, ashe ban san gidana da hantsi ba. Shekara ashirin da tara ina fita da duhu-duhu, in dawo bayan la'asar, ranar hutu kuma barci nake yi. Ban san rana tana bin bangon madafa ta sauko a hankali har ta sami bakin randa ba. Ban san kurciyoyi suna sauka a gindin bango daidai lokaci ɗaya ba, inda kike watsa musu ɓarzajjen gero. Shekara guda babu mai watsawa, amma ba su daina zuwa ba. Ranar da na gane abin da suke nema na daɗe a tsaye ina kallonsu. Yanzu ni nake ba su.

To, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maganar dabinonki ce.

Ba sai na tuna miki asalinsa ba, amma ina jin daɗin faɗa. Kakanki ya baro ƙasar Katsina da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a garin nan, ya zauna da niyyar ya tashi bayan damina, har Allah Ya karɓi ransa bai tashi ba. Ke kuma da maƙwabciya ta dawo aikin hajji ta ba ki dabinon Madina, kika cinye kika binne ƙwallon kusa da ƙofar gida. Na yi miki tsiya a ranar. Kika ce in tafiyar ta gagari gidanku, to Madina ta zo ta same ku a tsakar gida. Shekara biyar sai ga 'ya'ya. Daga nan kowace farkon damina akwai dabino a faranti, ni kuwa ina ci ina cewa Allah Ya ba mu bishiya mai albarka. Ban taɓa tunanin akwai hannun kowa a ciki ba.

Shekarar da kika rasu bishiyar ta fitar da 'ya'ya ƙanana, babu ƙwallo a cikinsu, suka bushe suka zube. Matan unguwa suka ce takaba take yi. Shekara ta biyu ma haka. Sai ɗanki ya zo da shawara, a sare ta, a fasa bangon wajen, a gina mini shago in riƙa sayar da magungunan dabbobi, in sami abin yi. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Ni kuma na amince, don kallon bishiyar ya fara yi mini nauyi. Har an kawo bulo an jibge a ƙofar gida, an sa ranar Asabar masu sara su zo.

Ranar Alhamis da hantsi Hajiya Kaltuma ta yi sallama. Ƙawarki mutuniyar Faya, mai gidan da ke bayan masallaci. Tun bayan arba'in ɗinki ta tafi arewa jinyar ɗan'uwanta, sai a makon ta dawo, ta ga bulo ta tambaya aka gaya mata. Ta shigo da sanda, ko zama ba ta yi ba, ta wanke ni tas da Larabci, rabinsa ma ban kama ba saboda sauri. Ta tambaye ni ina furen da ta aiko a kwanakin ta'aziyya, naɗe a takarda. Sai na tuna. Wasu siraran tsinkaye ne masu farin gari da ƙamshi, muka ɗauka kayan turaren wuta ne, Hadiza ta zuba su a kasko.

Tsohuwar nan ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta ce dabino akwai namiji akwai mace, naki mace ce, namijin yana gidanta, kuma nisan ya fi ƙarfin iska. Kowace shekara in sanyi ya fara ja baya, kwanson fure ya tsage, takan yanko miki furen namiji, ke kuma ki hau ki cusa shi a tsakiyar furen macen, ki kaɗa garin, ki ɗaure da ƙyalle. A garinsu aure suke ce wa wannan aiki, kuma ko yaron goye ya san shi, shi ya sa bai zo mata a rai ta yi mana bayani ba. Mu kuwa jikokin fatake, dabino a buhu muka san shi.

Rakiya, ni fa malamin dabbobi ne. Na karanta wannan abu a lakwal, makarantar boko, na ma ci jarrabawa a kansa. Daga ganin hantar saniya ina iya gaya miki irin ruwan da ta sha. Amma bishiyar da nake wucewa ta gindinta sau biyu a rana, ban taɓa tambayar yadda take haihuwa ba. Wane irin ilimi ne wannan?

Na ce wa Hajiya ai ke ba ki hawa bishiya. Ta nuna mini bayan madafa da sandarta. Tsanin nan na katako da na sha cewa a faskara a yi itace da shi, kina hanawa. Ashe sai na fita kike jingina shi. Kin san da na gani da na hana, in ce mace da girmanki, in ce zan nemo mai yi, in kuma manta.

Na kira ɗanki na roƙe shi a ɗaga sara zuwa damina. Bai so ba, ya ce kar in sa rai a banza in ƙara wa kaina ciwo. Muka tsaya a kan in ba ta yi ba wannan karon, ni da kaina zan kira masu gatari.

Washegari da hantsi Hajiya Kaltuma ta kawo furen, ta zauna a tabarma tana ba ni umarni daga ƙasa. Na hau da gwiwar nan tawa, mataki-mataki, ina karanta duk addu'ar da na iya. Ban san gindin rassan dabino ƙaya ne zalla ba, dogaye kamar basilla. Kafin in kai hannu ga furen sun karce ni tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu.

A can sama na ga abin da ya tsayar da ni. A kan guntayen rassan da aka datse, ta ɓangaren bango inda ba a gani daga ƙasa, akwai ƙyallaye a ɗaure, ɗaya sama da ɗaya. Hajiya ta ce in 'ya'ya suka kama kikan kwance ƙyallen daga furen ki ɗaura shi a nan, ba ki yarwa. Guda tara ne. Rana ta cinye launinsu, amma na gane su. Akwai na atamfar nan mai ganye da na sayo miki a Kusiri. Akwai na zanen sunan ɗan Hadiza na fari. Na can ƙasa ya kusa zama zare. Kuma duk ɗaurinki ne, irin wanda kike yi wa bakin buhun gero, zagaye biyu da hanci ɗaya. Na sa yatsa na taɓa na saman, wanda kika ɗaura da hannunki shekarar ƙarshe, ba ki san ta ƙarshe ba ce.

Ban san tsawon lokacin da na yi a kan tsanin ba. Na yi mamakinki, na yi mamakin Ubangijin da Ya sanya haihuwar bishiya guda a cikin ɗan garin da bai cika cokali ba, Ya kuma rataya shi a hannun wata mace da ke hawa tsani ita kaɗai da hantsi, mijinta yana can yana taƙama shi ne mai aiki. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Hajiya ta ƙwala mini kira ta ce in garin ya jiƙe ba shi da amfani, in yi abin da ya kai ni.

Sai a lokacin na ga ban hau da ƙyalle ba. Na sauko, na shiga ɗaki, na ciro farar rigar aikina da take rataye tun ranar da na bar Farsha. Na sa almakashi na yago gefenta. Da ita na ɗaure nonon dabino huɗu. Ɗaurina bai kai naki kyau ba, amma ya riƙe.

Daga nan na zama mai gadin bishiya. Garba ya gaji da jirana a majalisa, ya kwaso butar shayi da garwashi ya dawo da su gindinta, sauran ma suka biyo shi. Yanzu a gidanmu ake dara, kuma har yanzu cinye ni ake yi. Kullum da hantsi ina hawa in duba. Na ga 'ya'yan suna kamar ƙwayar wake, suka yi kore, suka yi ƙiba, ba su zube ba. Nono ɗaya ya lalace, ina jin garin bai shiga da kyau ba. Ukun suka yi rawaya, sannan bakinsu ya fara laushi. Wata biyar ina kallon abin da kika kalla sau tara, ban gaji ba ko rana ɗaya.

Jiya na yanko na farko. Na tsaga shi, ga ƙwallo a ciki, cikakke. Na aika wa Hajiya Kaltuma faranti, na kira yaran. Ɗanki ya ci ɗaya, ya ci na biyu. Da zai tafi ya tsaya a gindin bishiyar ya ɗaga kai ya daɗe, sannan ya ce zai turo a kwashe bulon, kuma in lokacin fure ya zo in kira shi ya ga yadda ake yi.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Da na miƙa wa Hadiza farantin hannun rigata ya zame, ta ga karce-karcen ƙaya, sababbi a kan tsofaffi. Nan take ta kama hannuna ta tambayi abin da ya same ni. Kallo ɗaya ta yi, Rakiya. Ni kuwa shekara tara, duk ƙarshen sanyi, kina miƙo mini ruwan wanke hannu ina ganin irin wannan karce a damatsanki. Sau ɗaya na ce ko da kaji kike kokawa, kika yi dariya, na ci gaba da cin tuwona. Me ya hana ni kama hannunki in tambaya? Me nake sauri in je in yi?

Ki yafe mini. Makka in Allah Ya nufa zan je, in yi miki ɗawafi, in kai sunan kakanki inda ƙafarsa ba ta kai ba. Amma ba zan yi wata tafiya a lokacin fure ba. Ƙyallena na kwance shi na ɗaura a saman naki, ya zama na goma.

Allah Ya jiƙanki, Ya sa ki ci na Aljanna ba tare da ƙaya ba. Sai mun zo.

Mijinki da ya makara,
Isiyaku